Kafireta Ce, Ko Ƙazafi Ake Yi Mata?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bakaniken babur ya san yadda zancen yake farawa. Mutum zai turo babur yana haɗa gumi, ya jingine shi, kafin a gama amsa masa sallama ya ce, "Oga, a wanke min kafireta." Shi ya duba mara lafiyar, shi ya gano cutar, shi ya rubuta magani. Yaron shago ya kwance ta, ya jiƙa a gwangwani da ɗan fetur, ya hura da baki, ya mayar. Babur ya tashi, aka biya kuɗi, aka rabu ana dariya. Kwana uku sai ga shi ya dawo da kukan da ya zo da shi tun farko.

A cikin kayan babur ban san wanda ake ɗora wa laifi kamar kafireta ba, kuma dalilin a fili yake. Ita ce a tsakiya. Mai yana zuwa mata daga tanki, iska tana zuwa mata daga eya-kilina, wato matatar iska, abin da ta haɗa kuma sai bawul ya rufe shi da kyau, fistin ya matse shi, fulogi ya kunna shi. Kowanne daga cikin waɗannan ya gaza, alamar da mahayi zai ji kusan iri ɗaya ce: babur ya ƙi tashi, ko ya riƙa shaƙewa, ko ya mutu a silo, wato lokacin da inji yake aiki ba a murɗa masa wuta ba. Sai a bar jaki ana dukan taiki.

Baburan da nake magana a kansu su ne waɗanda suka cika titunanmu shekara da shekaru: Jincheng AX100 mai hayaƙi, wanda aka gina kan tsarin Suzuki, dangin CG, waɗanda kamfanonin Sin suka kwaikwayo daga CG125 da Honda ta fitar a 1975, Boxer na Bajaj daga Indiya, da roba-roba. Kafiretocinsu ko dai na Keihin da Mikuni ne na Japan, ko kwaikwayonsu, kuma duk hanya ɗaya suke aiki.

Wanda ya riski tsohon famfon feshin maganin sauro, mai gwangwani a ƙasa da sanda da ake turawa, ya riga ya san kafireta. Babu abin da yake tura mai zuwa cikin inji. Motsin fistin ne yake zuƙo iska, iskar ta bi ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, ta ƙara gudu, gudun nan ya sa ta tsotso fetur daga ƙoƙon da ke ƙasa ta wasu 'yan ƙananan ramuka. Ma'aunin da fetur yake ƙonewa sarai shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na mai. Idan aka juya lissafin, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska kusan lita 9,000, wato cikin durom 45. Shi ya sa ramukan man suke ƙanana haka, shi ya sa kuma ƙwayar yashi guda take iya tsayar da mutum a tsakiyar hanya.

Ƙoƙon yana da fulot da 'yar allura mai toshe mashigar mai, kamar ƙwallon da ke cikin tankin ruwa na saman gida: mai ya cika, ta rufe, ya ragu, ta buɗe. Daga ƙoƙon, hanyoyi uku ne mai yake bi, kuma sanin su ne rabin aikin. Daga silo zuwa kusan kwata na murɗin totur, ƙaramin jet, wato 'yar ƙusar tagulla mai rami da mai yake bi ta ciki, shi ne yake ciyar da inji, makanikai suna kiransa silo jet. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar da ke rataye a jikin silaid, wato ƙarfen da totur yake ɗagawa ya buɗe maƙogwaron, ita ce take mulki. Daga nan zuwa ƙarshe sai babban jet. To, kafin a taɓa sifana, tambayar da ya kamata a yi wa mai babur ita ce: a ina hannunka yake idan abin ya faru? Babur da yake mutuwa a danja amma yake gudu lafiya a kan titi, babu ruwan babban jet da matsalarsa. Wanda yake silo tsaf amma ya shaƙe idan aka ba shi wuta sosai, kada a ɓata lokaci kan ƙaramin.

Tambaya ta biyu ita ce yaushe abin ya fara. Cutar da ta faɗo rana ɗaya, bayan an sha mai a wani wuri, ko bayan an wanke babur, ko bayan ruwan sama ya dake shi, daban take da wadda ta yi wata uku tana rarrafowa. Ta farko yawanci wani abu ne ya shiga. Ta biyu wani abu ne yake cinyewa.

Sai a fara daga sama, domin mai daga sama yake gangarowa. A cire tiyon da ya shiga kafireta, a sa bakinsa a cikin farar kwalba, a buɗe famfon mai. Ya kamata ya zubo a miƙe, ba ɗigo-ɗigo ba, kuma ya ci gaba da zuba har minti guda ba tare da ya ragu ba. Idan ya fara da ƙarfi sannan ya riƙa ja da baya, a buɗe murfin tanki a gani. Murfin yana da wata 'yar ƙofar iska da mutane da yawa ba su san da ita ba. Idan ƙura ko tsatsa ta toshe ta, mai yana fita iska ba ta shiga, har tankin ya riƙe man kamar yadda yatsa yake riƙe ruwa a cikin tsinken shan lemo. Alamarta ba ta ɓuya: babur ya yi tafiyar kilomita biyu ko uku ya mutu, a jira kaɗan ya tashi, ya sake mutuwa. Idan ya mutu aka buɗe murfi aka ji "fuss", an kama ɓarawo. Na ga an sayi sabuwar kafireta saboda wannan rami da allurar ɗinki take buɗewa.

Kwalbar nan kuma kada a zubar da ita, a ɗaga ta a hasken rana. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba sa kuma haɗuwa, don haka idan akwai shi za a gan shi kwance a ƙasa yana yawo kamar ƙwai. Jan gari tsatsar tanki ce. A ɗiga man a kan farar takarda: fetur mai kyau yana bushewa nan take bai bar komai ba, wanda aka gauraya da kananzir ko gas yana barin tabon maiƙo. Mai irin wannan yana sa babur wuyar tashi da safe, ya riƙa hayaƙi mai yaji, inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an hau tudu. Daga Kano har Maraɗi da Damagaram, mai babur ya saba shan mai a galan da kwalba a wajen 'yan bumburutu, kuma ba lallai sai an yi algus ba. Jarkar da ta kwana a waje da mazurarin da ba a sa masa ƙyalle ba sun isa. Gidan mai ma ba a rantse masa. A watan Fabrairun 2022 hukumomin man fetur na Najeriya da kansu suka amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka dawo. Irin wannan sinadari yana jan ruwa, yana kuma cin roba, ita kuwa allurar fulot bakinta roba ne a yawancin baburan nan.

Akwai wata sabuwar cuta da tsadar mai ta kawo. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, mutane da yawa suka daina cika tanki. Lita ɗaya, rabin lita, kullum famfo yana kan rizab. Famfon yana da bakuna biyu a cikin tanki, dogo da gajere. Dogon yana ɗiban man sama, gajeren, wato rizab, yana ɗiban na can ƙasa, inda ruwa da laka suke taruwa. Ga shi tankin da babu mai a ciki iska ce ta cika shi, da damina kuma iskar tana da laima, ta yi gumi a bangon ƙarfe da dare, tsatsa ta kama. Mai irin wannan babur ko kullum za a wanke masa kafireta, kullum za ta toshe. Maganinsa a sauke tanki a wanke, a kwance ƙoƙon famfo a share rariyar da ke ciki, a sa 'yar matatar mai ta roba a tsakiyar tiyo, wadda kuɗinta bai kai na wanki biyu ba.

Idan mai yana sauka lafiya kuma mai tsabta ne, a ciro fulogi. Shi ne kaɗai shaidar da ya shiga ɗakin wuta ya fito. Bakinsa ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, haɗin ya yi daidai. Ya yi baƙi a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Ya yi baƙi da maiƙo, baƙin mai ne yake hawowa, wannan kuwa zancen ringi ne ko robar bawul, kafireta ba ta da hannu. Sai dai a babur mai hayaƙi, wanda dama yana ƙona man injinsa tare da fetur, nan ɗan maiƙo ba abin tsoro ba ne. Ya yi fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ne mafi haɗari duk da shi ne ya fi kyan gani. A jingina fulogin da jikin inji a buga kik: tartsatsi shuɗi mai ƙara ake so. Tazarar bakinsa a yawancin waɗannan injuna tsakanin milimita 0.6 da 0.7 ce.

A nan ne ake rarrabe kafireta da masu kwaikwayon muryarta. Kwayil ko akwatin CDI, masu kai wa fulogi wuta, wanda ya fara lalacewa yana aiki da sanyi, ya ɗauke idan ya yi zafi, ya dawo idan ya huce, daidai da yadda toshewar murfin tanki take yi. Bambancinsu sai an gwada a daidai lokacin da babur ya mutu: a ciro fulogi nan take, idan babu wuta, a ƙyale mai. Sai bawul. A injin CG tazarar da Honda ta tsara ita ce milimita 0.08, kamar kaurin takarda. Idan ta ƙare bawul ba ya zama da kyau, matsi ya zube, babur ya ƙi silo, ya yi wuyar tashi, kik ya yi laushi a ƙafa. Wanda bai sani ba sai ya yi ta murɗa sukurun silo yana ɗaga shi, inji yana kuka, cutar tana nan.

To, a ce an wuce duk waɗannan, zargi ya tsaya a kan haɗin mai da iska. Cok, wato ɗan hannun da ake ja da sanyin safiya don haɗin ya ƙara mai, shi ne alƙali. A bari inji ya yi zafi, a kai totur inda yake shaƙewa, a ɗan ja cok. Idan ya warware, yunwar mai yake ji. Idan ya ƙara muni, ya ƙoshi har ya yi yawa. A dangin CG cok faifai ne mai tare iska, gwajin yana aiki a ko'ina. A AX100 kuwa wata ƙofar ƙarin mai ce wadda ba ta tasiri sosai idan totur a buɗe yake, don haka gara a rufe rabin bakin eya-kilina da tafin hannu. Akwai kuma gwajin da ya fi wannan sauƙi: a rufe famfon mai a bar inji yana aiki. Yayin da ƙoƙo yake raguwa, idan aka ji muryar injin ta washe ta yi daɗi kafin ya mutu, dama mai ne ya yi masa yawa.

Yawan mai abubuwa kaɗan ne suke kawo shi, kuma na farkonsu ba a cikin kafireta yake ba. Soson eya-kilina ne. Da hunturu, lokacin da hazo yake rufe gari, soson da ya yi wata guda a hanyar ƙauye yana komawa kamar tubali. Iska ta rasa hanya, inji ya riƙa tsotsar mai, salansa ta yi baƙin hayaƙi. A wanke soso, a shanya ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse. Idan na takarda ne ba a wanke shi, sai a kakkaɓe ko a canza. Masu cire shi gaba ɗaya su ce babur ya fi numfashi, su sani ƙurar da soson yake tarewa yashi ce, kuma silinda za ta shiga ta riƙa goge ringi. Na biyu shi ne obafulo, wato allurar fulot ta daina rufewa saboda datti ko ta cinye, ko fulot ɗin ya huje ya sha mai ya nutse. A girgiza shi kusa da kunne, idan ana jin motsi a ciki ya mutu. Obafulo ba asarar mai kaɗai ba ce. Idan aka kwana famfo a buɗe, fetur yana iya gangarawa cikin inji ya tsinka baƙin mai. Wanda ya ga man injinsa yana ƙaruwa maimakon raguwa, ya sunsuna sandar awo.

Ƙarancin mai kuwa ko toshewa ce, ko iskar sata. Ƙaramin jet raminsa ɗan mitsitsi ne, shi yake fara toshewa, musamman a babur da aka ajiye wata biyu ko uku da mai a ƙoƙo. Fetur yana tashi ya bar wani danƙo mai wari kamar tsohon fenti. Irin wannan babur sai da cok yake tashi, a mayar da cok ya mutu. Wanki na gaskiya shi ne a kwance jet ɗin duka biyu, a ɗaga kowanne a ga haske ta cikinsa, a bi hanyoyin da ke jikin kafireta da iskar mai faci. Waya ta ƙarfe da allura suna faɗaɗa ramin, tagulla ce mai laushi, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa. Hurawa da baki kuma, ban da guba, ba ta da ƙarfin fitar da komai.

Iskar sata tana shiga ta wuyan da ya haɗa kafireta da inji: robar ta tsage saboda zafi da shekaru, ko gasket ya mutu, ko noti ya kwance. Alamarta ita ce silo mai taurin kai. A ba shi wuta a saki, maimakon ya sauko sai ya rataye a sama na ɗan lokaci, sannan ya faɗo ya mutu. A gangara kuma salansa ta riƙa harbi. Ana gane wurin idan aka shafa girisi a kan mahaɗar aka ji muryar inji ta canza. Wasu suna fesa fetur a wurin, gwajin yana aiki, amma kusa da salansa mai zafi ne, ni ba na yi.

Sai a ƙarshe a zo kan sukurori biyun nan da kowa yake fara taɓawa. Babban, mai sifirin a waje, silaid kawai yake ɗagawa, shi ne na silo. Ƙaramin shi yake daidaita haɗin a ƙasan totur, kuma iri biyu ne. Idan yana ɓangaren eya-kilina, kamar na AX100, iska yake bayarwa, kwance shi yana rage mai. Idan yana ɓangaren inji daga ƙasa, kamar na CG, mai yake bayarwa, kwance shi yana ƙarawa. Bakaniken da ya saba da ɗaya ya murɗa ɗayan da ka, baibai zai yi. A ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba don bakinsa tsini ne, a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, inji da zafi a riƙa juya shi kwatan zagaye bayan kwatan zagaye har a sami inda silo ya fi tashi, sannan a sauke silon da babban sukuru zuwa wajen juyi 1,400 a minti. Idan an juya shi ko'ina inji bai ce komai ba, hanyarsa a toshe take, a koma wanki.

Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne "Oga, a rage min mai." Na fahimci dalili, wanda yake neman na cefane da babur kowace lita jininsa ce. Abin da ake yi shi ne a mayar da 'yar makullin doguwar allura zuwa gurbin sama a cikin gurabunta biyar don allurar ta nutse, ko a sa ƙaramin babban jet, ko a lanƙwasa harshen fulot. Injunan nan iska ce take sanyaya su, babu ruwa, kuma fetur ɗin da yake shiga yana cikin masu rage musu zafi. A hana su man, a ɗora buhu biyu na masara da fasinja, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri: fulogi ya yi fari, bawul ɗin hayaƙi ya ƙone, wani lokaci kan fistin ya huje. A babur mai hayaƙi da aka cire wa famfon man inji ana zuba shi kai tsaye a tanki, abin ya fi muni, domin rage fetur rage man shafawa ne, sai inji ya kama ana cikin gudu. Ribar ma ba ta taka kara ta karya ba, tunda babur da ba shi da ƙarfi mahayi ƙara murɗa masa totur yake yi. Man da ake nema yana zuba ne a wasu wurare: taya mara iska, birki mai riƙewa, sarƙa busasshiya, soso mai datti, obafulo da ake gani ana ɗauke kai.

Yanayi ma yana da nasa. Da sanyin Disamba fetur ba ya saurin zama tururi, babur mai lafiya yana neman cok da asuba, kuma wannan ba cuta ba ce. Wanda yake alfahari nasa bugu ɗaya yake tashi ba cok cikin tsananin sanyi, ya duba fuloginsa, mai yiwuwa baƙi ne. Babur da aka saita a Kano aka kai shi Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, zai ɗan yi nauyi ya ƙara shan mai, domin iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Wannan gyaran kwata ɗin zagaye ne, ko gurbi ɗaya a allura.

Akwai ranar da kafireta take mutuwa da gaske. Silaid ya cinye har yana kaɗawa a cikin gidansa, silo ya ƙi tsayawa wuri ɗaya kome aka yi. Ko zaren sukuru ya lalace. Ko jikinta ya tsage. Nan sai sabuwa. Amma ta kasuwa, ko da girman maƙogwaronta ya yi daidai, ba lallai jet ɗinta su zo ɗaya da na tsohuwar ba. Kowane jet yana da lamba a jikinsa. A kwance ƙoƙon sabuwar tun a shago a gwada lambobin, idan sun bambanta a ciro na tsohuwar, in dai ba a taɓa zura musu waya ba, a ɗaura a cikin sabuwar.